Keke Mai Giya a Ƙasar Haɗejiya: Ina Kayan Gyaransa Suka Tafi?

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, keke ya dawo da martabarsa a ƙasar Haɗejiya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa 1,000. Manomin da ya saba hawa babur zuwa fadama a Auyo ko Kirikasamma sai ya jingine shi, ya kakkaɓe tsohon keken da ke zaure. Masu gyara sun samu kasuwa. Amma duk wanda ya kai musu keke mai giya, amsa ɗaya yake ji: babu kayan.

Giyar iri biyu ce. Akwai ta ciki, wadda ke ɓoye a cibiyar tayar baya, irin ta kamfanin Sturmey-Archer na birnin Nottingham a Ingila, da ke zuwa a wasu kekunan Raleigh. Samfurinta mai hawa uku da ya fi shahara ya fito tun 1936, kuma ana buga shekarar ƙirarsa a jikin ƙarfen. Sai ta waje, mai rataye a gefen taya tana tura sarƙa daga haƙori zuwa haƙori, wadda ta cika kekunan gwanjo da ake kira Beljiyam, galibinsu da giyar Shimano ta Japan.

A ganina ta cikin ce ta dace da wannan ƙasa. Haɗejiya ba ta da tudun a-zo-a-gani. Abin da ke wahalar da mai keke shi ne rairayi da rani, taɓo da damina, sai nauyin buhun shinkafa ko kwandon kifi a kariya. Giyar da ke rufe ba ruwanta da wannan, ɗigon mai kawai take so lokaci zuwa lokaci. Ta wajen kuwa komai nata a fili yake. Yashi ya haɗu da baƙin mai ya riƙa cin haƙoranta, wayar ta yi tsatsa, keke ya faɗi sau ɗaya maratayinta ya lanƙwashe. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun ƙara dagula lamarin, don keken da ya kwana cikin ruwa, wayarsa da boris ɗinsa ne ke fara mutuwa. Abin takaici, wadda ta dace ɗin ita ce ta fi wuyar samu. A shekarar 2000 aka sayar da Sturmey-Archer ga kamfanin SunRace, aikin ya koma Taiwan, kuma 'yar sarƙar nan da ke leƙowa daga cibiyar taya, wadda ba ta kai tsawon yatsa ba, in ta tsinke ta isa ta ajiye keke shekara guda.

Faɗuwar naira tun tsakiyar 2023 ta sa ɗan kasuwar Kano mai sayar da kayan keke ba ya ɗaure kuɗinsa a kan kayan da ba sa tafiya. Taya da tif da birki ake nema kullum, su yake sarowa. Ga kuma rashin jituwar kayan: tun da Shimano ya fito da giya mai ƙas-ƙas a 1984, dole maɓallin hannu ya yi daidai da yawan haƙoran baya, na hawa shida ba zai yi wa na takwas ba. Tsohon maɓalli mai santsi, wanda ake turawa har sarƙa ta zauna, yana aiki da kusan kowanne, shi ya sa gwanayen masu gyara ke ɓoye shi.

Babbar ɓarnar dai ta 'yan jari-bola ce. Su da kilo suke saye, sikeli bai san bambancin cibiyar Ingila da guntun rodi ba. Kowane mataccen keke da ya hau motar ƙarafa ya tafi da kayan da za su tashi wasu biyu ko uku.

Saboda haka maganin da ya zama ruwan dare shi ne a cire giyar gaba ɗaya, a rage sarƙa, keke ya koma hawa ɗaya tamkar Phoenix na China. Ban ga laifin mai gyara ba; mai keke na son ya isa gona gobe da safe, kuma aikin ba tsada. Sai dai dattijo da ɗan makaranta ne ke biya da gwiwoyinsu, su sauka su tura a inda da giya za su wuce. Yaran shago kuma suna tasowa ba su taɓa buɗe cibiya mai hawa uku ba, balle su san yadda ake mayar da ita.

Wanda duk ke da tsohon keke a gida, kafin ya miƙa shi ga mai sikeli, ya fara biyawa ta wurin mai gyaran unguwarsu, a kwance cibiyar baya da maɓallin hannu da wayoyin, sauran a auna.