Fadar Pus, Tafkin Maga da Katangar Rai Buba: Yawon da Autana Ya Ja Ni



Shekara 23 ke nan ina saro shinkafa da bandar kifi a Maga ina kaiwa Garwa. Duk Talatar da ta same ni a yankin sai na ci kasuwar Pus, wadda take bakin kogin Logon, kana tsaye kana hango Katowa ta ƙasar Cadi a tsallake. Na san dillalin da ke cika mudu da mai tauye shi, na san rumfar da ake shayi mai kauri. Amma fadar sarkin garin, da nake wucewa ta gabanta da buhuna a kan amalanke, ban taɓa sa ƙafa a zaurenta ba sai a Janairun 2025. Shi ma ba don kaina na je ba, yaro ne ya ƙure ni.

Autana shekararsa 14, yana karatun boko da Faransanci a Garwa. Wani dare bayan isha'i ya miƙo mini waya, ga hoton Shambor, gidan sarautar da Sarki Faransuwa na Ɗaya ya soma ginawa a Faransa a 1519, da lambu shimfiɗe a gabansa kamar darduma. Sai ya ce, "Baba, mu me ya sa kakanninmu ba su gina komai ba?"

Uwargida ta ajiye tsinken sakace ta ce, "To Alhaji, amsa masa mana."

Wallahi bakina ya mutu. Abin da yaron bai sani ba, ni da hannuna na sa aka rushe zauren mahaifina a Zariya, zaure mai bakan gizo da azara, na zuba shaguna uku na bulo da kwano. A lokacin gani nake ci gaba na kawo. Da wane baki zan ce masa kakanninsa sun yi gini? Sai na ce ya shirya jakarsa, sarin wannan watan da shi da uwarsa za mu je. Gani ya kori ji.

Hanya da lambun da ba shinge

Daga Garwa zuwa Marwa kilomita 200 ne da 'yan kai. Muka kwana Marwa, da asuba muka kama hanyar Bogo da Girbidik, wajen kilomita 80 zuwa Maga. A watan Janairu hanyar nan abin kallo ce. Dama da hagu baƙar ƙasa ce mai tsagewa wadda Fulani ke kira karal, an dasa masakwa bayan ɗaukewar damina, tana fitar da zangarniya ba tare da ɗigon ruwan sama ba, sai laimar da ƙasa ta riƙe. Ga giginya jefi-jefi, ga garken shanu suna gangarawa wajen ruwa.

Da muka hau bisa madatsar Maga na ce wa yaron, "Ga lambunka nan, auna shi da na cikin wayar." Madatsar ta ƙasa ce, tsawonta kilomita 27, an gina ta a 1979 domin hukumar SEMRY mai noman shinkafa, wadda hedkwatarta ke Yagwa. Ta kudu ruwa ne iyakar ganinka, masunta a kwalekwale, balbela da zalɓe da kirinjijiya suna tashi suna sauka. Ta arewa fadamun shinkafa ne a yanke murabba'i-murabba'i, magudanai sun ratsa su. Muka yi hayar jirgin ruwa, mai tuƙin ya kai mu inda dorina ke kwana. Da ɗaya ta buɗe baki, uwargida ta damƙe gefen jirgin tana salati, ta ce, "Alhaji, a mai da ni tudu, na ga abin da na gani."

Sai dai tafkin nan, alheri ne da ya zo da nasa bashi. Kafin a datse ruwan, duk shekara ambaliyar Logon takan malala a faffaɗan filin da ake kira yayre har wajen dajin Waza, ciyawa ta tsiro, kifi ya hayayyafa. Da aka datse, ga kuma farin shekarun 1980, wani yanki babba ya bushe, makiyaya da masunta da namun daji suka sha wuya, sai a 1994 aka buɗe wata mashiga domin ruwa ya sake kai wa can. Idan kuma ruwan ya yi yawa, mutanen bayan madatsa ba sa barci. Mun gani a 2012, shekarar da Shugaba Paul Biya ya zo har Girbidik jaje. Mun sake gani a 2024, lokacin da gadar cikin garin Yagwa ta karye. Da muka je ɗin nan, shatin ruwa yana nan a jikin bangwaye, wasu gidajen sun koma tudun laka.

A ƙofar fada

Pus tafiyar minti kaɗan ce daga Maga a kan babur. Muna isa ƙofar fada na yi abin kunya: na zaro waya zan ɗauki hoto, ko sallama ban yi ba. Wani dattijo da ke zaune a tabarma ya dube ni ya ce cikin Fulatanci, wanda shi ne harshen ciniki a nan, "Alhaji, a garinku haka ake shiga gidan manya?" Na ji kamar ƙasa ta tsage. Na mai da waya aljihu, muka tuɓe takalma, muka durƙusa muka yi gaisuwa, na miƙa ƙullin goron da uwargida ta tilasta mini saye. Nan take fuska ta sake, aka haɗa mu da saurayin da zai zaga da mu iyakar inda baƙo ke kaiwa.

Ginin ƙasa ne, zaure bayan zaure, tsakar gida bayan tsakar gida. A waje rana na dukan ƙeya, kana shiga sai ka ji sanyi kamar ka leƙa cikin randa. Yaron ya dafa bango da tafin hannu ya ce, "Baba, ina na'urar sanyin take?" Na ce kaurin bangon ne na'urar. Ƙasa tana shanye zafin rana a hankali, sai dare ya yi ta sake shi. Shagunana na Zariya kuwa, da azahar ko kaza ba ta zama a ciki.

Ɗakin da ba itace ko ɗaya

Abin da ya fi tsaya mini a rai yana Murla, ƙauye kusa da Pus. A nan ne ake ganin ɗakunan gargajiyar Musgum da suke kira telek. Ka ɗauki tulu ka kife shi, ka ja tsininsa sama, to ka sami siffar. Wani yakan kai mita 9. Babu azara, babu ginshiƙi, babu tubali. Da hannu ake ɗora laka zagaye bisa zagaye kamar ginin tukunya, a bari ya sha iska a ƙara, gindi da kauri, sama tana sirancewa. Tudun-tudun da aka jera a jikinsa suna kama da ado, amma aiki biyu suke yi: su ne matakalar da magini ke takawa har ƙololuwa, su ne kuma ke rarraba ruwan sama kada ya zaizaye wuri guda. Can sama akwai kafar fitar hayaƙi da ake rufewa in hadari ya taso. Ƙofar kuwa ƙasanta a tsuke, samanta da faɗi, daidai jikin saniya.

Baƙi sun daɗe da sanin ƙasar nan. Bature Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya biyo rundunar Borno zuwa ƙasar Musgum a ƙarshen 1851, ya rubuta yadda aka ƙone garuruwa aka kwashi bayi. Wannan ban ɓoye wa yaron ba, domin ya san mutanen da muke ciniki da su sun ga tasku, kuma bayin nan kasuwanni aka kai su. Marubucin Faransa André Gide ya ratso a 1926 ya yaba ginin ƙwarai. Bayan haka kwano da bulo suka shigo, telek ya yi ta rushewa har ya kusa ƙarewa. Waɗanda ke tsaye a Murla a shekarun 1990 aka gina su, da aka nemo tsofaffin magina suka koya wa matasa.

Wani tsoho da muka tarar yana cuɗa laka, na tambaye shi sirrin daɗewar ginin. Ya ce, "Ɗana, ba sirri. Yaɓe ne. Shekarar da ka hana shi yaɓe, shekarar ya fara mutuwa." Ya sa yaron ya taka tudun nan ya hau har rabi. Ya sauko gwiwa duk ƙasa, baki har kunne.

Rai Buba

Da muka koma Garwa shi da kansa ya matsa sai mun je Rai Buba. Muka je a Fabrairu, tafiyar kusan wuni ta kudu maso gabas, a yankin Mayo Rai. Buba Njidda ne ya kafa masarautar a 1804, shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu. Katangar fadar ta ƙasa ce, tsayinta ya kai mita 7, kewayenta wajen mita 800, kuma tun 2006 tana cikin jerin wuraren da Kamaru ta miƙa wa UNESCO. Talakawa Baba suke kiran Lamiɗo. Dogarai na nan a ƙofa, ba mai ɗaga murya, gidajen da ke kewaye yawanci dangar zana ce, sai katangar ta ƙara girma a ido. Duk wanda ya san Gidan Rumfa na Kano, ko hasumiyar Gobarau ta Katsina, ko masallacin Juma'ar Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, zai ji kamar ya zo gidan dangi.

Lambun wannan fada kuwa daji ne sukutum. Gandun Buba Njidda, mai sunan wanda ya kafa masarautar, hekta 220,000 ne, da giwa da zaki da ɓauna da raƙumin dawa. A farkon 2012 maharba a kan dawaki suka shigo suka kashe giwaye ɗaruruwa domin haure. Shi ma daji, ashe, yaɓensa tsaro ne.

Ga mai niyyar zuwa

Ku je tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Da damina hanyoyin nan taɓo ne, daga Maris kuma zafi ba ya wasa. Ku riƙe katin shaida na kowa har yara, shingen jandarma da yawa. Ku haɗa da ranar kasuwa, Talata a Pus, Alhamis a Bogo, ciniki ya biya kuɗin mota. A fada a fara da sallama, a tuɓe takalmi, mata su yafa mayafi, kada a ɗaga waya sai an ba da izini, a kuma sallami wanda ya zaga da ku. Kada ku shiga tafki sai da mai jirgi ɗan gari. Wajen Mora da Waza da Kusiri akwai wuraren tarihi, har inda aka kashe Rabe a 1900, amma saboda matsalar tsaro ku tambayi direbobin tasha da mai masaukinku kafin ku ɗauki iyali, kuma ban da tafiyar dare.

A hanyar dawowa yaron ya yi shiru har na zaci barci yake. Can sai ya ce, "Baba, gidan Kaka na Zariya, akwai sauran ginin ƙasa?" Na ce saura ɗaki ɗaya, na kakarsa, rufin ya soma yoyo, har na yi magana da mai bulo. Bai ce komai ba. Uwarsa ma ba ta ce ba, kallo ɗaya ta yi mini.

Da na sauka Garwa na kira ƙanena na ce a dakatar da mai bulo, a nemo magini mai aikin ƙasa da makuba kafin ruwa ya sauka. Ya ce, "Yaya, sun yi wuyar samu fa, kuma da tsada." Na ce a nemo. Hutun makaranta mai zuwa yaron zai je ya ɗauki kwandon laka.

Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a nema, ya mai da kowa gida lafiya. Amin.