RUFE GINDIN ITACE DA CIYAWA

Mutane da yawa su kan dasa mangwaro, ko gwaba, ko lemu a cikin gidansu da damina. Dashen ya kama, ya yi ganye shar, mai gida yana murna. Amma kafin wata damina ta kewayo sai ka tarar itacen ya bushe, ba abin da ya rage sai tsinke a tsaye. In ka tambayi mai shi, sai ya ce, "Ai ban fasa ba shi ruwa ba, rabo ne babu." To, gaskiya ne ya ba shi ruwa. Abin da bai sani ba, yawancin ruwan nan ba itacen ya sha ba, rana da iska su suka shanye.

A cikin wannan ɗan littafi za mu bayyana wata dabara ta tsare ruwan nan. Ba ta bukatar kuɗi, kayan aikinta kuwa suna nan zube a ko wane gida. Dabarar ita ce a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ko ganye, ko ƙaiƙayi a gindin shuka, a rufe ƙasar kamar yadda mutum ya ke rufa da mayafi.

INA RUWAN YA KE TAFIYA?

A ƙasar Kano, da Katsina, da Damagaram, yawancin ruwan shekara ya kan sauka ne daga watan Yuni zuwa Satumba. Sauran watanni 7 ko 8 rani ne. Babban itace ba ya damuwa ƙwarai, don saiwarsa ta yi nisa cikin ƙasa. Amma ɗan dashe na shekara 1 ko 2, saiwoyinsa masu shan ruwa ƙanana ne kamar zare, galibinsu kuma ba su wuce taƙi guda ko kamu guda daga bisa ba. Nan kuwa shi ne wurin da rana ta fi dūka.

Ka tuna yadda rairayi ya ke ƙona tafin ƙafa da azahar cikin watan Afrilu. A lokacin nan zafin fuskar ƙasa ya kan wuce awo 50 a ma'aunin zafi. In ka zuba ruwa da safe a ƙasa tsirara, zafin nan ya kan mai da shi tururi ya tashi sama, iska ta kwashe. Da hunturu kuwa, ko da ya ke akwai sanyi, iskar busasshiya ce, ita ma tana tsotse laima kamar yadda ta ke fasa leɓe da dunduniya.

GANI YA KORI JI

Kada ka karɓi maganata sai ka gwada. Nemi kasko 2 masu girma ɗaya, ka cika su da ƙasa iri ɗaya. Zuba wa ko wanne ruwa moɗa guda. Rufe ɗaya da busasshiyar ciyawa, ka bar ɗayan a buɗe, ka ajiye su duka a rana. Bayan kwana 2 ko 3, tura yatsa cikin ko wanne. Za ka tarar na buɗe ya bushe ƙayau, wanda ka rufe kuwa da sauran danshi da sanyi. Abin da ya faru cikin kaskon nan shi ke faruwa a gindin itacenka.

AMFANIN RUFE ƘASA

Na farko, ruwa ya kan daɗe. Wanda ya ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa, ko ya ke aiken yara rijiya mai nisa, shi ya fi kowa sanin darajar wannan.

Na biyu, ƙasa ta kan yi sanyi, ƙananan saiwoyi ba su ƙonewa.

Na uku, haki ba ya yawan tsirowa, don 'ya'yan ciyawa da yawa ba su tsira sai sun sami haske. Haki kuwa abokin gābar dashe ne, tun da ya ke yana raba ruwa da abinci da shi.

Na huɗu, in ruwan sama ya sauko da ƙarfi, ko ka kwarara ruwa daga bokiti, ciyawar ce ta ke tare dūkan. Ƙasa tsirara in ruwa ya buge ta sai ta yi ɓawo a bisa, ruwa na gaba ya bi ta kai ya wuce bai shiga ba, har ya tafi da ƙasa mai kyau.

Na biyar, a hankali ciyawar ta kan ruɓe ta zama taki. Dubi kurmi, ba mai kai masa taki, amma ƙasarsa baƙa ce mai taushi, don ganyen da ya zuba nan ya ke ruɓewa. Dubi kuma gawo, wanda ya ke zubad da ganyensa da damina. Ko wane manomi ya san gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa, saboda ganyen nan da kashin dabbobin da su ke hutawa a inuwarsa da rani.

ABIN DA ZA KA RUFE DA SHI

Kada ka taɓa harawa ko dusa, wannan abincin dabbobi ne. Ga abubuwan da a ke zubarwa ko a ke ƙonewa a banza, alhali kuwa su ne su ka dace:

Bunu, watau tsohuwar ciyawar jinka, da tsohon zana da ya ruɓe. Ƙaiƙayin gero da na dawa daga masussuka. Ɓawon gyaɗa. Buntun shinkafa. Karan gero ko na masara da aka sassara gajeru. Busasshen ganyen mangwaro da na dogon yaro, wanda a ke sharewa ko wace safiya a cinna masa wuta. In ganyen dogon yaro ne, ka tsince 'ya'yan, don kada su tsira.

Buntu da dusar katako suna da wani hali. In ka cuɗa su cikin ƙasa, ƙananan halittun da su ke ruɓar da su su kan janye abincin da shuka ke bukata, har ganyenta ya yi rawaya. Saboda haka a bisa kaɗai za ka shimfiɗa su, kuma ya fi kyau ka fara barbaɗa ruɓaɓɓen taki a ƙarƙashi.

Akwai kuma waɗanda za ka guje wa. Ciyawar da ta riga ta yi 'ya'ya, kamar ƙarangiya, in ka kawo ta ka shuka wa kanka aiki. Ganyen itacen da ya ke ciwo, wannan ƙone shi. Juji mai leda da fasassun kwalabe kuwa, sai ka tsince shi sarai, don leda ba ta ruɓewa ta zama taki.

YADDA A KE YI

1. Cire haki duka daga gindin itacen, ka ɗan sassauta ƙasar bisa a hankali, kada fartanya ta yanke saiwa.

2. Yi ɗan kwari kewaye da itacen kamar faranti, don ruwa ya tsaya. Sa'an nan ka ba shi ruwa ya ƙoshi. Kada ka rufe busasshiyar ƙasa.

3. Shimfiɗa ciyawar, kaurinta kamar faɗin yatsa 4, watau santimita 5 zuwa 10. In ta yi ƙaranci rana za ta ratsa. In ta yi yawa ainun, za ta hana iska da yayyafi isa ƙasa.

4. Faɗinta ya kai iyakar inda inuwar rassa ta ke tsayawa da tsakar rana, don saiwa ta kan bazu har can, ta wuce ma.

5. Bar fili kamar taƙi guda tsakanin ciyawar da jikin itacen. Kada ta taɓa shi ko kaɗan.

6. Danne ta da 'yan duwatsu ko guntayen itace saboda iska, ka kewaye da ƙaya saboda awaki da kaji.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne da kaka, sa'ad da ruwa ya ɗauke, ƙasa tana da sauran laima, kayan rufi kuma sun wadata. In ka ga ta zaizaye, ƙara wata kafin bazara.

Ka'ida ta 5 ita ce wadda mutane su ka fi karyawa, ni ma na taɓa karya ta. Na dasa lemu 2 a bayan ɗakina, na tara musu ciyawa har ta hau jikinsu kamar tsibi, ina tsammani gata na yi musu. Bayan damina sai na ga ganyen ɗaya yana rawaya. Da na yaye ciyawar, sai na tarar ɓawon gindinsa ya ruɓe, ƙaro yana fita. Wannan ya mutu, ɗayan kuwa da kyar ya tsira bayan na buɗe masa gindi ya sha iska. Dalili kuwa, ɓawon itace ba kamar saiwa ba ne, bushewa ya ke so. Lemu yana da saurin kamuwa da wannan ciwo.

KOMAYEN FURANNI DA NA GANYEN MIYA

Wanda ya ke da komin furanni a ƙofar gida, ko ɗan lambun tumatir da barkono da yakuwa, shi ma dabarar nan ta shafe shi. Sai dai ƙananan shuke-shuke kayan rufi masu laushi su ke so, kamar ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi, kaurin yatsa 2 ya isa. Ka bari sai tsiron ya kai tsawon yatsa kafin ka shimfiɗa tsakanin layuka. In ka rufe ƙananan iri da kauri tun ba su fito ba, za su mutu a ƙarƙashi. Da tsakiyar damina kuwa, in wurin mai riƙe ruwa ne, rage rufin don kada gindin shuka ya ruɓe.

MAGANAR GARA

Na san mai karatu zai ce, "Ai wannan kiran gara ne." Gaskiya ne gara za ta zo. Amma abincin da ta fi so shi ne matacciyar ciyawa, itacen da ta ke saurin kamawa kuwa shi ne wanda ƙishirwa ta riga ta raunana. Ramukan da ta ke haƙawa kuma hanyar ruwa ce zuwa cikin ƙasa. A ƙasar Nijar manoma su kan shimfiɗa kara da rassa a kan fako da gangan, gara ta huda shi, iska ta tara masa rairayi, har wurin da ya gagari fartanya ya koma nomuwa. A gonar gwaji ta Sadore, kusa da Yamai, masana sun gwada barin karan gero a gona tun cikin shekarun 1980, sun tarar yana tare ƙasar da iska ke kwashewa, yana kuma ƙara amfanin gona.

Duk da haka sai da lura. Kada ka shimfiɗa ciyawa jikin bangon ɗaki, ko darni, ko rumbu. Ka riƙa duba gindin dashenka ko wane mako, in ka ga gara ta fara gini a jikinsa, ka karkare. Kunama da maciji suna son wuri mai sanyi, saboda haka motsa ciyawar da sanda kafin ka sa hannu, ka kuma gargaɗi yara. Da hunturu kuwa, kada a zubad da toka mai garwashi ko guntun taba kusa, don busasshiyar ciyawa ba ta da wuyar kama wuta.

To, mai karatu, itacen da ka raina shekara 2 ko 3 da wannan ɗan aiki, shi zai ba ka inuwa da 'ya'ya, ya ba jikokinka. In kana da maƙwabci wanda bai iya karatu ba tukuna, karanta masa wannan, ku gwada kaskon nan 2 tare. Gobe da safe kuma in an share tsakar gida, ka ce kada a ƙone ganyen, a kai shi gindin mangwaro.