Farfetuwa da Filisita: Shahidan Afirka da Yadda Za Mu Tuna da Su

Kusan shekara 1,700 kafin 'yan mishan su iso ƙasar Hausa, akwai Ikkilisiya mai ƙarfi a Arewacin Afirka. A birnin Kartaj, kusa da Tunis ta yau, aka kashe waɗansu mata biyu saboda sunan Yesu a ranar 7 ga Maris, shekara ta 203, a zamanin Sarkin Roma Saftimiyus Seferus. Sunansu Farfetuwa da Filisita.

Farfetuwa 'yar babban gida ce, tana da shekara wajen 22, tana goyon jariri. Filisita kuwa baiwa ce, da cikin wata takwas. An kama su tare da waɗansu maza uku tun suna ajin baftisma, sai bayan kamun aka yi musu baftisma. Malaminsu Saturus ya miƙa kansa don kada ya bar ɗalibansa su kaɗai. Mun san labarin dalla-dalla domin Farfetuwa ta rubuta abin da ya same ta a kurkuku, wani mai bi kuma ya ƙarasa bayan mutuwarta.

Gwaji mafi zafi daga gida ya fito. Mahaifinta, wanda ba mai bi ba ne, ya yi ta zuwa yana roƙonta ta ji tausayin furfurarsa da ɗanta. Ta nuna masa tulu, ta tambaye shi ko za a iya kiransa da wani suna dabam. Haka ita ma, in ji ta, ba ta da wani suna sai Kirista. A gaban mai mulki Hilariyanus an ce ta miƙa hadaya domin lafiyar sarki, ta ƙi. Da aka bugi mahaifinta da sanda a wurin, ta ji zafin kamar ita aka buga. Ba ta daina ƙaunarsa ba, ba ta kuma yi musun Ubangijinta ba.

Dokar Roma ta hana kashe mace mai ciki, don haka Filisita ta damu kada a raba ta da 'yan'uwanta. Suka yi addu'a tare, ta haifi 'ya mace a kurkuku, wata 'yar'uwa cikin Almasihu ta ɗauki renonta. A ranar bikin haihuwar Geta, ɗan sarki, aka kai su filin wasa. An sakar wa mazan namun jeji, matan kuma aka sakar musu mahaukaciyar saniya. Da Farfetuwa ta ga Filisita a ƙasa, sai ta miƙa hannu ta tashe ta. Suka yi wa juna sumbar salama, aka ƙarasa su da takobi.

Masu bi na Kartaj sun binne su, suka riƙa taruwa kowace shekara ana karanta labarinsu. Bayan shekara wajen 200, Agustin, bishop na Hippo, yana yin wa'azi a ranar tunawa da su. Har yau Katolika da Anglikan suna kiyaye 7 ga Maris. Amma Agustin ya ja layi: labarinsu ba daidai yake da Littafi Mai Tsarki ba, kuma Allahn shahidai ake yi wa sujada. Girman da ya dace da su shi ne mu gode wa Allah dominsu, mu koya wa 'ya'yanmu labarinsu, mu bi sawunsu.

'Yan'uwa a Yashe da ƙauyukan Kankia da Kusada, kalmar Helenanci da ake fassarawa "shahidi" asalin ma'anarta mai ba da shaida ce. Yawancinmu ba za mu shiga filin namun jeji ba. Amma akwai mai bi a cikinmu da danginsa suka juya masa baya, akwai wadda ake matsa mata a kan aure. Irin waɗannan su riƙe bangaskiya, su ci gaba da girmama iyaye, kada su rama mugunta. Ikkilisiya kuma ta zama musu dangi, kamar matar da ta reni 'yar Filisita.