Me ya sa VPN ba ya iya yaudarar manhajojin cacar wasanni?

Kafin watan Janairun 2022 akwai wani abin kallo a gadar George Washington, wadda ta haɗa birnin New York da jihar New Jersey a Amurka. Mutane kan tako da ƙafa ko su hau keke daga ɓangaren New York, su wuce tsakiyar gadar kaɗan, su tsaya su ciro waya, su yi 'yan danne-danne, sannan su juya gida. Cacar wasanni suke yi. A lokacin New Jersey ta halatta yin ta a waya, New York kuwa ba ta halatta ba, kuma manhajar ba ta karɓar kuɗin mutum sai ta tabbatar ƙafarsa na cikin New Jersey.

Duk wanda ya rayu a Najeriya lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, zai ce ai wannan wahalar banza ce, su kunna VPN mana. Da VPN na iya wannan aikin, da babu mai shan sanyin gada. Shingen da aka sa wa Twitter daban, wanda kamfanonin caca ke sawa daban.

Asalin shingen doka ce da haraji. A ranar 14 ga Mayun 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar tarayya ta 1992 da ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni, ta bar wa kowace jiha zaɓinta. Yanzu fiye da jihohi 30 sun halatta, wasu kamar Utah da Hawaii sun ƙi, masu zaɓe a Kaliforniya ma sun yi watsi da ita a Nuwamban 2022. Ga kuma tsohuwar dokar tarayya ta 1961 da ta hana tsallaka cacar wasanni daga jiha zuwa jiha ta hanyoyin sadarwa. Kamfanin da ya karɓi caca daga wajen jihar da ta ba shi lasisi yana iya shan tara, ko ma ya rasa lasisin. Jihohin kuma ba sa wasa da rabonsu: New York na karɓar kashi 51 cikin 100 na ribar da kamfanonin ke samu daga cacar waya. Har cikin jiha ɗaya ma akan ja layi. A Mississippi sai mutum na cikin harabar gidan caca manhajar za ta yi masa aiki.

Abin da VPN ke yi ba shi da yawa. Yana ɗaukar bayanan da ke fita daga waya ya lulluɓe su, ya bi da su ta wata kwamfuta a wani gari ko wata ƙasa, sai shafin da aka ziyarta ya ga adireshin IP na waccan kwamfutar a maimakon na mai wayar. Lokacin dakatar da Twitter, kamfanonin sadarwa ne suka toshe hanya, shi kuwa Twitter maraba yake yi da duk wanda ya iso, don haka zagayawa kawai ta wadatar. A wajen caca, mai gidan da kansa ne ke tsaye a ƙofa yana bincike, kuma adireshin IP shi ne shaidar da ya fi rainawa.

Yawancin manyan kamfanonin Amurka, irin su DraftKings da FanDuel, sun dogara ne da wani kamfanin ƙasar Kanada mai suna GeoComply wajen wannan bincike. Manhajarsa na zaune a cikin manhajar cacar, kuma tambayoyi da yawa take yi wa waya a lokaci guda. Tana duba GPS, wato wurin da taurarin ɗan'adam suka nuna. Tana duba turakun sadarwar da ke kusa. Sannan tana duba Wi-Fi ɗin da wayar ke hangowa, ko da ba ta hau ko ɗaya ba. Wannan na ƙarshen shi ne mutane ba su cika sani ba. Kowace na'urar Wi-Fi na da lambarta ta musamman, kuma kamfanoni irin su Google da Apple sun daɗe suna tattara taswirar inda waɗannan na'urori suke. Idan waya na hango na'urorin maƙwabta guda biyar da aka san suna wata unguwa a Texas, alhali adireshin IP na cewa New Jersey, an gama magana. VPN ba shi da ikon taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin daga jikin wayar ake karanto su kafin su shiga hanyarsa.

Shi kansa VPN ɗin yana barin sawu. Kwamfutocin da kamfanonin VPN ke haya suna zaune ne a manyan cibiyoyin adana bayanai, kuma an san jerin adireshinsu. Ba a saba ganin magidanci yana kallon ƙwallo daga cikin cibiyar adana bayanai ba, balle a ga ɗaruruwan mutane sun fito daga adireshi ɗaya. Agogon waya ma kan tona asiri idan ya saɓa da lokacin garin da ake iƙirari. Manhajar na kuma neman manhajojin ƙirƙirar GPS na bogi, da wayar da aka fasa tsarin tsaronta, da manhajojin sarrafa kwamfuta daga nesa irin su TeamViewer. A kwamfuta, sai an sauke wata ƙaramar manhajar tantance wuri kafin a bari a yi caca. Kuma ba sau ɗaya ake binciken ba: ana maimaita shi, kuma yana ƙara yawa idan mutum na kusa da iyaka ko yana cikin mota.

Da fasaha ta gagara, wasu suka koma tsohuwar dabara ta aike, wato mutum ya ba wani da ke cikin jihar asusunsa ya buga masa. Ita ma haramtacciya ce. A 2022 hukumar kula da caca ta New Jersey ta ci DraftKings tarar dala 150,000 kan wani mazaunin Florida da aka riƙa buga wa caca ta wannan hanya.

To amma me ya sa ake jin wasu na cewa sun gwada VPN ya yi musu aiki? Galibi ba waɗannan kamfanonin suke nufi ba. Akwai shafukan da ke aiki da lasisin wurare kamar tsibirin Curaçao, wasu da kuɗin kirifto, waɗanda bincikensu a bakin ƙofa bai wuce adireshin IP ba. Nan ne haɗarin ya fi girma. Shiga da zuba kuɗi babu wuya, sai ranar cirewa ake tambayar katin shaida, da takardar da ke nuna adireshin gida, wani lokaci har da hoton fuska. Ranar ce za a ga cewa mai asusun na zaune a ƙasar da ke cikin jerin waɗanda aka hana. Sharuɗɗan da ya amince da su ba tare da karantawa ba kusan kullum sun ba kamfanin damar rufe asusun da riƙe abin da aka ci. Idan ya faɗi, kuɗin sun tafi; idan ya ci, ana iya hana shi. Kuma ba shi da inda zai kai ƙara, tunda hukumar ƙasarsa ba ta san kamfanin ba, shi kuma da ƙarya ya shigo.

Akwai wata asarar da ba a lissafa ta. Mai neman zagaye yakan faɗa wa VPN na kyauta, ya bi da lambar katin banki da hoton shaidarsa ta hanyar da bai san mai ita ba. A 2015 aka gano cewa Hola, wani VPN na kyauta, na sayar wa wasu damar bi ta intanet ɗin masu amfani da shi. A 2018 kuma Onavo, mallakin Facebook, ya fita daga rumbun manhajojin Apple saboda tattara bayanan abin da mutane ke yi a wayoyinsu.

Najeriya ta fara kama hanyar da ke kama da ta Amurka. A ranar 22 ga Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Legas da wasu jihohi suka shigar, ta ce dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta da hurumi a jihohi, sai a Abuja kaɗai. Ikon ya koma hannun majalisun jihohi. Kwanaki kaɗan bayan haka hukumar Hisbah ta Kano ta ce za ta ci gaba da rufe shagunan caca, tunda shari'ar Musulunci da jihar ke bi ta haramta ta.

Shago dai ana iya garƙame shi da kwaɗo, amma manhajar da ke aljihu ba ta san inda Kano ta ƙare Kaduna ta fara ba, sai an tilasta wa mai ita ya koya mata. Fasahar yin hakan tana nan, ta yi shekaru tana aiki a kan gadar George Washington. Abin da ya sa ta yi aiki a can shi ne hukumar da ke riƙe da lasisin kamfani ita ce ke hukunta shi idan caca ta tsallaka iyaka. A Najeriya, jihar da ta haramta caca ba ta ba kowa lasisi ba, don haka ba ta da abin ƙwacewa, jihar da ta bayar kuma ba ta asarar komai idan kuɗi suka shigo daga Kano.