In Tsohuwar Marsandi Tana Huci

Mai niyyar sayen tsohuwar Marsandi mai shan gas, irin 240D, ya gwada wannan tukuna. Ta da inji ya yi zafi, ka kwance murfin baƙin mai, ka aza shi a bakin kawai. In ya ɗan yi rawa, ba kome. In kuwa iska ta yar da shi, hayaƙi na tuɗaɗowa, to, watakila ringin fistin ya cinye, huci na zurarewa ƙasa.

Amma kada a yi garajen sauke inji. Tiyon da ke fid da hucin yakan toshe, a fara duba shi. Sa'an nan makaniki ya auna matsin kowace silinda. In ya kasa, sai sabon ringi, wani sa'i har da gyaran silinda. Mai mai kauri ɓoye ciwon kawai yake yi.