Idan Mai Kanti Ya Ce "Kawo a Canza Miki"

A ƙarshen shekarar 2008, likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da takwarorinsu na Legas da Ibadan, suka fara ganin abin da ya ɗaure musu kai. Ana ta kawo musu ƙananan yara da zazzaɓi da amai da gudawa, bayan 'yan kwanaki kuma sai fitsari ya ɗauke ɗif, ƙoda ta tsaya. Da aka bi sawu, sai aka tarar yawancin yaran an ɗura musu wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda kamfanin Barewa Pharmaceuticals ke haɗawa a Legas. Zuwa watan Fabrairun 2009, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ce yara 84 sun rasu. Sai a 2013 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai.

Gubar da ke cikin maganin sunanta diethylene glycol. Ruwa ne mai ɗan kauri da zaƙi-zaƙi, wanda ake amfani da shi a masana'antu, har da cikin man birki. Ya yi kama da wasu sinadarai marasa illa da ake narka magungunan yara a ciki, ga shi kuma ya fi su araha. Ido ba ya bambanta su, harshe ma haka, sai dai ɗakin gwaji. Abin takaici, ba lokacin ne karon farko ba. A 1990 wannan guba ta shiga ruwan farasitamol, yara sama da 100 suka mutu a Jos da Ibadan. A 2022 aka danganta mutuwar yara kusan 70 a Gambiya da wasu magungunan tari guda huɗu da aka shigo da su daga Indiya. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan wani maganin mura mai suna Naturcold da aka samu a Kamaru.

Irin waɗannan labarai mukan ji su a rediyo bayan hukuma ta fitar da sanarwa. Amma kafin sanarwa akwai makonni, wani lokaci watanni, da ba wanda ya san komai sai iyayen da suka ga canji a jikin ɗansu, da mai kemis ko mai kantin da suka koma wa. A wannan tsakani ne ake tsira ko a halaka, kuma a nan ne muke yin sakaci mafi girma.

Kowa ya san yadda zancen yake kasancewa. Uwa ta koma kanti da gwangwanin madara da ya fito da wari, ko fidar da bakinta ya yage yaro ya kusa haɗiye guntun, ko man shafawa da ya sa fatar jariri ta yi ja ta ɗuri ruwa. Mai kanti zai ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wallahi mu ma saro shi muka yi." In ta matsa, sai ya ce, "Tun da muke sayar da shi ba a taɓa kawo mana ƙara ba, sai ke." Mai taurin kai zai nuna mata rubutun da ke ƙasan rasit, cewa kayan da aka saya ba a dawowa da shi. Mai kirkin cikinsu kuwa shi ne zai ce, "Kawo a canza miki," ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko wani, daga kwalin da na farko ya fito. Hajiya ta yi godiya ta tafi, tana ganin an mutunta ta.

Ni a ganina wannan mai kirkin ya fi mai taurin kan haɗari. Wanda ya ƙi karɓar kaya ya bar uwa da fushinta da kuma shaidarta a hannu, wataƙila ta kai maganar gaba. Wanda ya canza kuwa ya karɓe shaidar, ya kashe fushin, sauran kayan kuma suna nan jere suna jiran wata uwa. Kaya marar kyau ba shi kaɗai yake fitowa daga masana'anta ba. Rukuni-rukuni ake yin su, dubbai a zubi ɗaya, kuma duk abin da ya ɓata ɗaya yana iya ɓata 'yan'uwansa. Mayar da kuɗi ya warware matsalar aljihun mutum ɗaya, bai taɓa matsalar kwalin ba.

Kada a ɗauka ƙananan 'yan kasuwarmu ne kaɗai ke wannan hali. A ƙasar Sin, kamfanin madara na Sanlu ya fara samun koke daga iyaye tun Disamban 2007, amma jama'a ba su ji gaskiyar lamarin ba sai Satumban 2008. An gauraya madarar da sinadarin melamine don ta ci gwajin abinci mai gina jiki. Yara shida suka mutu, kimanin 300,000 suka kamu da rashin lafiya, galibi ciwon ƙoda. A Faransa kuma, cikin Disamban 2017, aka gano ƙwayar cutar salmonella a madarar jarirai da kamfanin Lactalis ke yi a masana'antarsa ta garin Craon. Janye ta daga kasuwa ya shafi gwangwani miliyan 12 a ƙasashe 83, har da Sudan da Maroko. To amma a watan Janairun 2018, manyan kantunan ƙasar suka fito ɗaya bayan ɗaya suna amsa cewa sun ci gaba da sayar da madarar bayan an ba da umarnin kwashe ta. Kantunan Leclerc kaɗai sun ce sun sayar da guda 984. Waɗannan masu kwamfuta ne da ke karanta lambar kowane kaya a wurin biya. Ina ga kantin da mai shi ke riƙe lissafinsa a ka?

Dokar Nijeriya ba ta bar mai saye a hannun tausayin mai kanti ba. Dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce mai saye yana da haƙƙin samun kaya mai inganci marar illa, kuma in kayan ya gaza haka yana iya mayar da shi cikin wata uku ba tare da an ci shi tara ba, a gyara, ko a canza, ko a biya shi kuɗinsa. Hukumar ta sha nanata cewa rubutun "ba a dawo da kaya" ba ya soke wannan haƙƙi. Dokar ta kuma ɗora wa masu yin kaya da masu rarraba shi nauyin sanar da jama'a da janye shi daga kasuwa da zarar sun gane yana da haɗari. Wanda ya yi karatun fiƙihu ma ya san wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin malamai sun daɗe da yin bayanin cewa mai saye yana da zaɓin mayar da kaya in ya ga aibin da ba a bayyana masa ba, kuma ɓoye aibi algus ne. "Saro shi muka yi" gaskiya ce, amma ba uzuri ba ce. Mai saye bai san dila ba, bai san masana'anta ba. Wanda ya karɓi kuɗinsa shi ya sani, kuma shi ne ya san hanyar da kayan ya biyo.

To me ya kamata iyaye su yi? Lafiyar yaro ce a gaba. A daina amfani da abin nan take, ko da zato ne kawai ake yi. In magani ne ko abinci, kuma yaro ya fara amai, ko gudawa, ko yawan barcin da bai saba ba, ko aka ga ya wuni kunzugunsa a bushe, asibiti za a nufa, ba kemis ɗin da aka sayo maganin ba. A tafi da kwalbar da kwalinta a nuna wa likita. Akwai wata al'ada tamu da ke ƙara dagula wannan lamari: duk zawo da zafin jikin da ya sami yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyu, sai a ce haƙori ne. Likitocin yara sun daɗe suna faɗin cewa fitar haƙori takan kawo dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima, amma ba ta kawo zazzaɓi mai zafi ko gudawa mai tsanani. Wanda ya jingina komai ga haƙori yana iya ƙara wa yaro cokali biyu na abin da ke cutar da shi, yana ganin magani yake ba shi.

Haka nan in yaro ya haɗiyi ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli, irin na kayan wasa masu kiɗa da walƙiya, ba a jira a ga ko zai fita a bayan gida. In ya maƙale a maƙoshi yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu.

Bayan asibiti sai shaida. Kada a zubar da ragowar, kada a wanke kwalbar, kada kuma a miƙa wa mai kanti ita don a karɓi wata. A ɗauki hotonta ta kowane gefe: suna, kamfani, ranar yi da ranar lalacewa, lambar hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna, da kuma lambar rukuni. Wannan ta ƙarshen ita ce mutane ba su cika lura da ita ba, alhali ita ce jigo. Lambar NAFDAC tana nuna an yi wa samfurin rajista, kuma masu jabu ma suna buga ta. Lambar rukuni kuwa ita ke nuna zubin da kwalbar ta fito, da ita ake bin sawun sauran har kantunan da suka shiga. A adana rasit in akwai. In babu, saƙon banki na turin kuɗi ko takardar POS ma shaida ce. In likita ya rubuta wani abu, a nemi kwafi.

Sannan a koma kanti, ba da faɗa ba, kuma zai fi kyau a je da wani babba. Maganar da za a yi ta wuce ta kuɗi: "Alhaji, ga abin da kayanka ya yi wa yarona. Ina so ka sauke sauran daga kanta, ka kuma gaya mini inda ka saro shi." A karɓi kuɗin in an bayar, haƙƙi ne. Amma in an ce sai an bar kayan, ko sai an yi alkawarin rufe baki, a ƙi. Amsar da ya bayar, da ranar, da sunan kantin, a rubuta a ajiye.

Ko mai kanti ya yi abin kirki ko bai yi ba, a kai rahoto. Magani, madara, abincin yara, hoda, sabulu da man shafawa na NAFDAC ne, kuma tana da ofisoshi a jihohi. Gado, keken koyon tafiya, kayan wasa da makamantansu na hukumar SON ne mai kula da ingancin kaya. Mai kanti da ya ƙi sauraro, FCCPC ce gidansa, kuma wasu jihohi, irin su Kano, suna da tasu hukumar kare haƙƙin masu saye. Mai kemis kuwa yana ƙarƙashin hukumar PCN wadda ke ba shi lasisi. A kasuwa, shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa sau da yawa sun fi kowa saurin sa a kwashe kaya, don ba sa son sunan layinsu ya ɓaci. Na san masu cewa, "Wa zai saurare ni?" Gaskiya ne ba kowane koke ake amsawa da wuri ba. Amma jami'in da ya ga takarda uku daga unguwanni uku, duk da lambar rukuni ɗaya, ya sami abin da zai ɗauki samfur ya kai gwaji. In kowa ya ce ya bar wa Allah, teburinsa babu komai. Tawakkali bai hana a faɗa wa maƙwabci cewa rijiyar da yake ɗiba ta gurɓace ba.

Game da WhatsApp da Facebook, a yi hattara. Gargaɗin 'yan'uwa abu ne mai kyau, amma a tsaya kan abin da ido ya gani: na sayi kaza, ranar kaza, lambarsa kaza, ga abin da ya faru, na kai rahoto. Kada a ce guba ce alhali ba a gwada ba. A 2023 'yan sanda sun kama wata mata a Legas bayan ta yi rubutu a Facebook kan wani tumatirin gwangwani, maganar ta kai har kotu. Ko me mutum yake gani game da wannan kamu, ya isa ya sa a auna kalma kafin a tura.

Akwai kuma kayan da ba su da kantin da za a koma wa, wato gwanjo. A Amurka, cikin Afrilun 2019, kamfanin Fisher-Price ya janye wata kujerar kwantar da jarirai mai suna Rock 'n Play, guda miliyan 4.7, bayan mutuwar jarirai sama da 30. Kujerar mai gangara ce, kan jariri a sama, in ya mirgina ko kansa ya lanƙwaso gaba sai numfashi ya toshe. A Janairun 2023 aka sake shelar janyewar, domin adadin ya kai kusan 100, wasu ma bayan sanarwar farko suka mutu. Tun 2022 dokar Amurka ta hana sayar da irin waɗannan gadaje masu gangara. Kanada kuwa ta haramta keken koyon tafiya tun 2004, saboda yaran da ke gangarawa da shi daga matakala ko su kai hannu ga abu mai zafi. Abin da aka hana a can ba ɓacewa yake yi ba. Wani yana ƙarewa a kwantena, ya sauka a kasuwanninmu ba kwali, ba takardar gargaɗi, a yi masa kirari da "ɗan waje ne, ya fi sabo ƙarko". Kafin a saya, a nemi sunan kamfani da lambar samfurin a jikinsa, a sa wani mai waya ya duba a intanet ko an taɓa janye shi. Wanda aka kankare masa suna, ko ɗamararsa ta tsinke, ko wani ƙarfe ya ɓace aka ɗaure da waya, a bar wa mai shi. Jariri dai a kwantar da shi rigingine, a kan shimfiɗa mai tauri wadda ba ta da gangara, ba matashi ba tarin tsummoki.

Masu kanti kuma, abin da ake nema gare ku bai kai asarar da kuke tsoro ba. In uwa ta zo da koke, a rubuta lambar rukunin da lambar wayarta, a sauke sauran a ajiye gefe, a kira dila a ranar. A riƙa karɓar takardar sari mai ɗauke da suna da adireshi, domin ranar da jami'ai suka zo, wanda ya kasa nuna inda ya saro kaya shi za a riƙe. Kayan da aka dawo da shi kuma kada a goge shi a mayar kan kanta, kada a karyar da shi ga mai talla ya shiga ƙauye da shi.