Allurar 'yan mata ba ta hana haihuwa

Wani saƙon murya na yawo a WhatsApp tsakanin Ƙaraye da Rogo a jihar Kano, har ya shiga gidajen biki da majalisun hira. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai ambaci likita ko asibiti ba, sai rantsuwa kawai yake yi.

Abu ɗaya ya faɗa na gaskiya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, wasu suka mutu, wasu suka nakasa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu, don haka ban ga laifin uwar da gabanta ya faɗi ba. Laifin na wanda ya fake da wannan tabon ya cusa ƙarya ne.

Cewar mai saƙon wai jinin gwajin sikila sayar da shi ake yi, shirme ne: ɗan abin da ake ɗiba ba ya isar kowa ƙarin jini. Cewa mai lafiya ba ya buƙatar awo ma haka, domin ciwon hanta na B kan yi shekaru bai nuna alama ba.

Maganar da ke cutarwa ita ce wai allurar HPV tana kashe mahaifa. Najeriya ta fara ba da ita kyauta a Oktoban 2023 ga yara mata 'yan shekara 9 zuwa 14, Kano na cikin jihohin farko. Allura ɗaya ce a dantse, tana kare su daga ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, ciwon da ya kashe mata kusan 8,000 a ƙasar nan a 2020. Ostireliya na yin ta tun 2007, Ruwanda tun 2011, kuma binciken da aka yi bai gano tana hana ciki ba. Abin da ke raba mace da haihuwa sankarar ce, domin maganinta kan kai ga cire mahaifa.

Ba a ce ba ta da illa ko kaɗan ba. Hannu kan yi tsami, wata ta yi zazzaɓi ko jiri, shi ya sa ake zaunar da yarinya minti 15. Kuma ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, dalilin da ya sa ake yin ta da wuri ke nan.

Iyaye, ku je asibitin da ke kusa, ku yi tambaya har ku gamsu, a yi wa yarinya, ku adana katinta. Masu tura saƙon kuma ku ji tsoron Allah: rayukan 'ya'yan mutane ne.